Kafin a Ce Sai An Yi Mata Fomat

Shirin yau na masu kwamfuta ne, musamman wanda ya taɓa zama ya zuba wa allo ido, lamba ta tsaya cak a kan kashi 35 cikin 100, 'yan ɗige-ɗige na ta zagaye, an rubuta kada a kashe na'ura, ga batir kuma yana shirin mutuwa.

A Mardjandafak, ɗaya daga cikin tsofaffin unguwannin tsakiyar N'Djamena, masu irin wannan labari suna da yawa. Akwai ɗalibin jami'a mai rubuta kundin kammala karatu, da ɗan kasuwa mai ajiye lissafin kaya da na bashi, da mai shagon buga takardu da hoton fasfo, da malamin makaranta mai tsara sakamakon jarrabawa. Idan kwamfuta ta ƙi tashi, hanyarsu ɗaya ce: a sa ta a jaka, a tari babur, a nufi wajen masu gyara a kewayen babbar kasuwa. Amsar da aka fi ji a can kuwa ita ce, sai an yi mata fomat, wato a share komai a ɗora sabon Windows.

Wannan amsa tana da sauƙi ga mai gyara, domin cikin awa ɗaya ya sallami mutum. Mai kwamfuta ne ke kwana a ciki. Hotunan aure da na suna sun tafi, babi huɗu na kundi sun tafi, sunayen masu bashi sun tafi. Abin takaicin ma, sau da yawa matsalar ba ta tafi ba, saboda tun farko ba daga Windows take ba. In faifan ajiya ne ya fara lalacewa, ko zafi ne ke kashe na'urar, ko agogonta ne ya rikice, to bayan mako ɗaya za a sake dawowa shagon da kuka iri ɗaya. Fomat matakin ƙarshe ne, an mai da shi na farko.

Sabuntawar Windows, wadda ke kawo wancan allon mai ɗige-ɗige, aiki ne mai hawa-hawa. Da farko kwamfuta tana sauke sababbin fayiloli daga intanet, mutum na ci gaba da aikinsa. Sai ta jera su a gefe. Daga nan ta nemi a sake kunna ta, a lokacin ne take cire tsofaffin fayilolin da ke tafiyar da ita tana maye gurbinsu. Wannan hawa na uku shi ne mai hatsari, kamar maginin da ya yaye rufin ɗaki bai kai ga ɗora sabo ba, hadari ya taso. In wuta ta ɗauke ana saukewa, asarar data ce kawai. In ta ɗauke ana musanya, ana iya wayar gari da kwamfutar da rabinta sabo ne rabinta tsoho, ba ta iya tashi da ko ɗaya.

Zancen wuta kuwa ba sai an yi wa mutumin N'Djamena dogon bayani ba. Alƙaluman Bankin Duniya sun nuna kusan mutum ɗaya ne cikin goma ke samun lantarki a faɗin Chadi, masu samun ma sun san yadda ake ɗauke ta ba sallama, balle a watannin zafi. Ga shi kuma yawancin kwamfutocin cinya da ke hannun jama'a na hannu ne, sun yi shekaru a ofisoshin Turai ko na ƙasashen Larabawa kafin su iso, wasu ta Dubai, wasu ta tashar ruwan Duwala su ratso Kamaru har Kuseri su haye gadar Ngeli. Batirin irin waɗannan ya riga ya gaji. Wani ba ya riƙe minti goma, wani da an zare caja sai ɗif. Mai irin wannan na'ura bai kamata ya bar ta ta zaɓa wa kanta lokacin sabuntawa ba.

Lokacin kuwa sananne ne. Tun 2003 kamfanin Microsoft ya tsayar da Talata ta biyu a kowane wata a matsayin ranar fitar da gyare-gyaren tsaro, kuma a agogon N'Djamena abin yana faɗowa wajen ƙarfe 6 ko 7 na yamma. A cikin saitin Windows Update akwai maɓallin dakatarwa, wanda ke ba da dama har zuwa mako biyar. Mai hankali sai ya dakatar, ya bari sai ranar da ya tabbatar da wuta: janareto da isasshen mai, ko batirin sola a cike, ko shagon wani ɗan'uwa mai UPS. Akwai kuma sabuntawar da ta fi kowace tsanani, ta BIOS, wato 'yar manhajar da ke zaune a jikin allon na'urar kanta, wadda ke fara tashi kafin Windows. Kamfanoni irin su HP da Dell da Lenovo kan turo ta ta cikin Windows Update. Ita in aka katse ta, fomat ma ba ya ceto, don kwamfutar ba za ta kai inda za ta karanta filashi ba.

Bayan wuta sai zafi. A watan Afrilu zafin N'Djamena yana haura digiri 40, ƙurar hunturu kuma ta riga ta toshe fanka da ƙofofin iska tun watannin baya. Sabuntawa tana sa ƙwaƙwalwar kwamfuta aiki tuƙuru na tsawon lokaci, kuma an ƙera ta ne yadda in zafinta ya doshi digiri 100 za ta rage gudu ko ta kashe kanta don kada ta ƙone. Mutum ya ɗora na'ura a kan katifa ko darduma da azahar, ta mutu ana tsakar aiki, ya ce Windows ɗin ne ba shi da kyau. Abin da take so shi ne tebur, a ɗan ɗaga bayanta iska ta ratsa, a hure mata ƙura, a yi aikin da dare ko da sassafe.

To idan an riga an shiga ciki fa, allo ya tsaya? Abu na farko haƙuri. Tsohuwar kwamfuta mai faifai mai juyawa da RAM gigabait 4 tana iya cin awa biyu ko uku a kan babbar sabuntawa, lambar ta daɗe ba ta motsa ba alhali aiki na tafiya. In akwai 'yar fitilar faifai tana ƙyaftawa, a ƙyale ta. In an shafe awanni ba motsi, sai a danne maɓallin kunnawa har ta mutu, a sake kunnawa. Sau da yawa Windows da kansa zai warware abin da ya fara, ya koma yadda yake. In ya kasa tashi sau biyu zuwa uku a jere, yakan buɗe wani shuɗin allo na gyara, kuma a nan ne taskar take, wadda masu gaggawar fomat ke tsallakewa. A ciki akwai zaɓin cire sabuntawar ƙarshe. Akwai na komawa wata rana ta baya da na'urar ke lafiya. Akwai kuma tashi da ƙaramin tsari, wanda kwamfuta mai Faransanci ke kira Mode sans échec, mai Ingilishi kuma Safe Mode, inda mutum zai iya shiga ya kwashe fayilolinsa. Wanda ya hau sabon zubi na Windows bai ji daɗinsa ba yana da kwana 10 ya koma tsohon, muddin bai share jakar da ake kira Windows.old ba.

Sai maganar lambobin nan masu farawa da 0x. Mutane da yawa na ganin su su rufe da sauri, alhali su ne bayanin da na'urar ta bayar game da ciwonta. Wanda duk ya ga irin wannan lamba, ya ɗauki hotonta da waya kafin ya taɓa komai. Lamba 0x80070070 cewa take wuri ya cika, abin da ke yawan samun ƙananan kwamfutoci masu ajiyar gigabait 32 ko 64. Maganinta rage kaya. Lamba 0xC1900101 tana nuni ga direba, wato 'yar manhajar da ke haɗa Windows da wani sashe kamar firinta ko katin hoto. A zare duk abin da aka jona, a sabunta direbobi, a sake gwadawa. Lamba 0x80072F8F kuwa, sau da yawa agogo ne. A cikin kwamfuta akwai ɗan batir mai siffar kwabo, galibi CR2032, wanda ke riƙe kwanan wata ko an kashe ta. In ya mutu, na'urar sai ta farka tana zaton tana wata shekara ta can baya, ta ƙi amincewa da takardun shaidar tsaro na Microsoft, sabuntawa ta tsaya. Ana share kwamfuta ɗungurungum a kan abin da gyara kwanan wata da canza ɗan batir zai magance.

Wani lokaci kuma laifin na kamfanin ne. A Janairun 2024 Microsoft ya fitar da gyara mai lamba KB5034441 ga Windows 10, ya dinga faɗuwa a kwamfutoci masu ɗimbin yawa a duniya da lamba 0x80070643. Dalili shi ne ɗan sashen faifai da aka ware wa kayan gyara yana bukatar sararin megabait 250, na'urori da yawa kuma ba su da shi. Kwamfutocin lafiyarsu ƙalau. Wanda ya yi fomat saboda wannan ya yi asarar banza.

In sabuntawa ta dinga faɗuwa ba tare da dalili bayyananne ba, akwai matakai da kowane mai gyara ya kamata ya sani. Akwai jaka mai suna SoftwareDistribution a cikin jakar Windows, inda ake tara abin da aka sauke. In wani fayil ya zo a gurgunce saboda yankewar layi, a nan yake maƙalewa, sai an tsayar da aikin sabuntawa an sauya wa jakar suna kafin a sauke sabo. Akwai kuma umarni biyu da ake rubutawa a baƙin allo da ikon mai gudanarwa: DISM /Online /Cleanup-Image /RestoreHealth, bayansa kuma sfc /scannow. Na farko yana gyara ma'ajiyar da Windows ke ɗebo fayilolinsa, na biyu yana bin fayilolin ɗaya bayan ɗaya yana musanya waɗanda suka lalace. Ba sa taɓa hoton kowa ko takardar kowa.

Idan ta kama dole sai an ɗora sabon Windows, a nan ma akwai ramuka, kuma mafi zurfinsu filashin da ake ɗorawa da shi. Fayil ɗin Windows 11 ya haura gigabait 5. Sauke shi da datar waya, ta Airtel ko ta Moov Africa, a ƙasar da ba ta da gaɓar teku, wadda intanet ɗinta ke biyowa ta manyan wayoyin da suka ratso Kamaru da Sudan, abu ne mai tsada, kuma layi na iya yankewa a bar mutum da fayil mai giɓi. Shi ya sa ake yawo da kwafi ɗaya daga filashi zuwa filashi, shago zuwa shago, har ba wanda ya san asalinsa. Wasu kwafin an yi musu kwaskwarima, an ce an rage musu nauyi, alhali an cire sassan da sabuntawa ke bukata, wani lokaci har an cusa musu manhajar leƙen asiri. Shafin Microsoft yana ba da fayil na asali kyauta, tare da wata doguwar lamba ta SHA-256 da ake gwadawa a tabbatar ya sauka cif. Mai shagon da ya sauke na gaskiya sau ɗaya ya adana, ya huta ya hutar da abokan cinikinsa.

Filashin kansa ma abin tuhuma ne. Kasuwa cike take da na jabu, a rubuta gigabait 64 a jiki alhali cikinsa bai wuce 8 ba. Yana karɓar fayil kamar gaske, sai an zo karantawa a tarar da shirme. Ɗora Windows ya kai rabi ya tsaya da 0x8007025D ko 0x80070570, to a fara zargin filashi, a canza shi, a canza ramin da aka soka shi. In an canza bai daina ba, a gwada RAM, a gwada faifan. Manhajar H2testw tana tona asirin filashin jabu, CrystalDiskInfo kuma tana faɗin lafiyar faifai, duka kyauta ne. Haka Rufus, wadda Pete Batard ya rubuta, ita ce ke shirya filashi yadda ya kamata, har ta kauce wa matsalar tsarin FAT32 da ba ya ɗaukar fayil guda da ya wuce gigabait 4.

Akwai wani saƙo da ya jawo hawaye da yawa: ba za a iya ɗora Windows a wannan faifai ba, saboda tsarinsa GPT ne, ko kuma MBR ne. Ma'anarsa ita ce yadda aka tayar da kwamfutar bai dace da yadda aka tsara faifan ba. Sabon tsarin tashi na UEFI yana tafiya da GPT, tsohon kuma da MBR. Gyaran yakan zama shiga BIOS a sauya yanayin tashi, da F10 a HP ko F2 a Dell, ko a sake shirya filashin. Amma abin da yara masu koyon gyara suka haddace shi ne buɗe diskpart su rubuta clean. Wannan kalma guda tana shafe jadawalin faifan gaba ɗaya cikin daƙiƙa, har da sashen D da mai kwamfuta ya tara kayansa yana ganin sun tsira. Ba ta tambaya ko an tabbata. Duk mai gyaran da zai rubuta ta bai kwashe kayan mutane ba, ya ci amana, ko da bai yi nufi ba. Kwashewar kuma ba wuya: ana tayar da na'urar da filashin Linux ba tare da an ɗora komai ba, ko a ciro faifan a jona shi a wata kwamfutar.

A sababbin kwamfutoci masu Intel zubi na 11 zuwa sama, wani lokaci wajen ɗorawa sai a ga babu faifai sam. Yana nan, direban Intel RST ne babu a filashin. A sauke shi daga shafin kamfanin da ya ƙera na'urar.

Ga kuma wata matsala ta ƙasashe irin Chadi, inda Faransanci da Larabci ke aiki a ofis, kaya kuma na shigowa daga ko'ina. Allon rubutun Faransa, AZERTY, ya saɓa da na Ingilishi, QWERTY: A da Q sun yi musanyar wuri, haka Z da W, M ya ƙaura, lambobin sama kuma sai an danne Shift. Mai gyara ya ɗora Windows da tsarin Amurka a kan na'urar Faransa, aka sa kalmar sirri, daga baya aka sauya tsarin rubutu, sai kalmar ta ƙi shiga. Mai ita ya rantse bai manta ba, kuma gaskiyarsa. A kusurwar ƙasa ta allon shiga akwai inda ake sauya harshen rubutu, dannawa ɗaya ce.

Wanda ya fi wannan ciwo shi ne BitLocker, makullin da ke rufe faifai ta yadda ɓarawo ba zai karanta ba. Daga zubin 24H2 na Windows 11, sabon ɗori yakan kunna shi da kansa idan an shiga da asusun Microsoft. Wata rana bayan sabunta BIOS ko wani canji, sai shuɗin allo ya nemi mabuɗi mai lamba 48. Mabuɗin yana cikin asusun da aka shiga da shi ranar ɗorawa. In mai gyara ne ya sa nasa asusun don ya yi sauri, ko ya ƙirƙiri wani ya manta, to kayan sun rufu, kuma Microsoft kansa ba ya iya buɗewa. Duniya ta ga nauyin wannan a ranar 19 ga Yuli 2024, lokacin da gurɓatacciyar sabuntawa daga kamfanin tsaro na CrowdStrike ta durƙusar da na'urori kimanin miliyan 8.5, jirage suka kasa tashi, asibitoci da bankuna suka tsaya. Gyaran share fayil ɗaya ne, amma ma'aikata da yawa sai da suka nemo wannan mabuɗi kafin su kai gare shi. Mai kwamfuta ya tabbata asusunsa ne a kai, ya rubuta lambobin 48 a takarda ya adana a gida.

Jin duk wannan, wani zai ce gara a toshe sabuntawa kwata-kwata, kuma masu gyara da yawa haka suke yi wa mutane da sunan taimako, don a yi tsimin data. Tsoron yana da tushe: a Oktoban 2018 Microsoft ya janye wata babbar sabuntawa ta Windows 10 kwanaki kaɗan da fitarta, bayan ta share wa wasu mutane takardunsu. Amma a tuna da WannaCry, wadda ta ɓarke ranar 12 ga Mayu 2017, ta kulle kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kusan 150, har da na asibitocin Ingila, tana neman kuɗin fansa. Microsoft ya riga ya fitar da maganin wannan ɓaraka tun watan Maris. Waɗanda ta kama su ne waɗanda ba su sabunta ba. Jinkirin mako ɗaya ko biyu, a ga ko gyaran ya zo da matsala, dabara ce mai kyau. Mai tsoron cin data kuma yana iya sanya layinsa a matsayin mai awo a cikin saiti, Windows ya rage saukewa sai abin da ya zama dole. Rufe ƙofar har abada ne bai dace ba.

Yanzu kuma ga wani sabon babi. Windows 10, wanda ya fito a Yulin 2015, tallafinsa ya ƙare ranar 14 ga Oktoba 2025, sai dai wani shirin ƙarin wa'adi na gyaran tsaro da kamfanin ya sanar zai kai 13 ga Oktoba 2026 ga wanda ya yi rajista. Windows 11 kuwa yana da sharuɗɗa: RAM gigabait 4, ajiya gigabait 64, guntun tsaro na TPM 2.0, da ƙwaƙwalwar Intel zubi na 8 zuwa sama ko Ryzen 2000 zuwa sama a ɓangaren AMD. Saƙon da ke cewa wannan kwamfuta ba ta cika sharuɗɗa ba, ba lalacewa ba ce. Wani lokaci TPM ɗin yana nan, a kashe yake a BIOS, da sunan PTT a Intel ko fTPM a AMD. In kuwa na'urar ta tsufa da gaske, Rufus na iya tsallake binciken, amma Microsoft ya faɗa ƙarara cewa bai ɗauki alkawarin ci gaba da sabunta irin wannan ba. Ga wanda aikinsa rubutu ne da intanet da kallon bidiyo, Linux Mint ko Ubuntu, wanda ɗan Afirka ta Kudu Mark Shuttleworth ya assasa a 2004, kyauta ne, suna tafiya lafiya a tsohuwar na'ura, kuma ana iya gwada su daga filashi kafin a yanke shawara.

Ofisoshin ƙasashen waje suna sallamar kwamfutocin da ba su hau Windows 11 ba, kuma kasuwanni irin na N'Djamena na cikin inda suke sauka, a goge su fes, wasu ma an riga an tilasta musu Windows 11 ɗin. Mai saye ya duba lambar ƙwaƙwalwa tun a shago: i5-6300U zubi na 6 ne, i5-8250U zubi na 8, lambar farko bayan ɗan layin ita ce shaida, daga zubi na 10 kuwa biyun farko. Ya rubuta tpm.msc ya ga ko 2.0 ne. Ya rubuta powercfg /batteryreport ya gwada ƙarfin da batirin ya zo da shi daga masana'anta da wanda ya rage masa. Sannan ya sa mai shago ya zare caja a gabansa, su zauna su ga minti nawa za ta yi.